Ranar da Mota Ta Zo Ɗaukar Lamba Tara

Da la'asar sakaliya ce, wata Laraba cikin hunturun farkon 2010, muna tsakiyar atisaye a filinmu na Kurya Madaro, sai ga wata farar mota ta ratso ta cikin gonakin da aka gama girbe, tana tayar da ƙura, ta zo ta tsaya daidai bayan raga. Na ce raga ne don girmamawa. Itace biyu ne na dalbejiya muka kafa, muka gitta gora a samansu. Yara suka saki ƙwallo suka zuba wa motar ido. Ni kuwa gabana ya yanke ya faɗi, domin na san mota ba ta zuwa filinmu don ta gaishe mu.

A lokacin ina koyar da aji biyar a firamare, ni ne kuma kocin ƙungiyar ƙwallon garin, ni ne sakatare, ni ne ma'aji, ni ne mai ɗaukar ruwa idan ta kama. Tun 2004 muka fara. Kowane ɗan wasa yana zuba naira ashirin duk ranar Juma'a, a cikin wani gwangwanin madara da na huda wa murfi. Ƙwallonmu ɗaya ce, baduku ya ɗinke ta har zare ya so ya fi fata yawa. Rigunanmu gwanjo ne daga kasuwar Kaura Namoda, kore ne dai dukansu, amma kowace da irin nata koren, mai rubutun allon shaguna ne ya zana mana lambobi da fenti a baya. Takalman ƙwallo ƙafa huɗu gare mu, 'yan wasa goma sha ɗaya. Idan za mu wasa a wani gari, wani mai fataucin albasa ke ara mana a-kori-kurarsa, mu zuba mai, mu sauka muna warin albasa, abokan karawarmu suna toshe hanci suna dariya.

Amma muna da abin da ba su da shi. Muna da Lamba Tara.

Ɗan yayata ne, maraya, mahaifinsa ya rasu yana aji uku. Ba zan faɗi sunansa ba, ko a gari ma da lambar rigarsa aka fi saninsa. Da damina yana gona, yana noman gero da wake da ƙannensa. Da rani yana fili. Bahago ne a ƙafa, ga shi siriri kamar karan dawa, idan ya karɓi ƙwallo sai ya ɗan tsaya kamar mai tunanin wani abu dabam, mai tsaron baya ya saki jiki, kafin ya farga yaro ya wuce ya bar shi da ƙura. Ya daɗe yana ƙin sa takalmi, wai yana hana shi jin ƙwallo.

A ƙarshen 2009 aka sa gasar cin kofi tsakanin garuruwan ƙaramar hukumar. Muka fitar da 'yan Sakajiki, muka fitar da 'yan Banga, muka sha da ƙyar a hannun 'yan Yankaba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wasan ƙarshe ya haɗa mu da wata ƙungiya ta cikin garin Kaura, wadda wani attajiri ke ɗaukar nauyinta. Tun daga saukowarsu daga bas na san ba sa'o'inmu ba ne. Riga iri ɗaya, safa iri ɗaya, kowa da takalminsa, har da mai jakar magani. Uku daga cikinsu 'yan haya ne, biyu daga Gusau, ɗaya daga Funtua. Daga baya na ji abin da aka ba kowane ɗayansu a kan wasan nan kaɗai, na lissafa, na ga ya fi abin da gwangwaninmu ke tarawa a wata uku.

Muka ci su biyu da ɗaya. Lamba Tara ne ya zura duka biyun, ta biyun saura 'yan mintoci a tashi. Da muka shigo Kurya bayan magariba, samari a kan babura suna ta hon, mata suna guɗa ta kan katanga, tsofaffin da ke cewa ƙwallo aikin banza ne suka fito suna shafa kofi. A daren nan ban yi barci ba don murna. Ban san tallar yaranmu muka je muka yi a kasuwa ba.

Mutum biyu suka fito daga farar motar. Ɗaya kocin ƙungiyar da muka doke, ɗaya yaron Alhajin. Muka gaisa, suka tambayi sanyi, suka tambayi iyali, sannan kocin ya ja ni gefe.

"Malam, wanga yaro munka zo ma. Alhaji na son shi."

Na ce, "Yaron ai yana da ƙungiya."

Ya dubi ragarmu, ya dubi ƙwallonmu, ya yi murmushin da har yau ban manta ba. Bai ce komai a kan su ba. Ya dai lissafo abin da aka tanada: ɗaki a gidan Alhaji, ci da sha, takalmi sabo, naira dubu biyar duk wata, alawus duk ranar da aka ci wasa, kuma idan ya yi ƙoƙari a saya masa babur ya riƙa kabu-kabu da safe.

Na ce, "Ku bar mana shi ko kaka ɗaya. Mu munka raine shi tun bai iya ɗaure wando ba. In kunka ɗauke shi, ƙungiyarmu ta mutu."

Ya ce, "Malam, kai mai ilimi ne. Za ka tare wa yaro arzikinai don ka ci kofi?"

Da za su tafi yaron Alhaji ya miƙo mini naira dubu biyu, wai na goro. Na ƙi karɓa. Na ɗauka mutunci na tsare. Daga baya na yi ta cizon yatsa, domin da na karɓa da mun sayi sabuwar ƙwallo.

Da dare na tafi wurin yayata, ina tsammanin za ta goyi bayana. Na same ta tana sussukar wake a bakin fitila. Na yi ta zuba, ina kawo mata hatsarin birni, ina kawo mata karatunsa da bai kammala ba. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce:

"Ƙanena, kai in wata ya mutu ana ba ka albashi. Shi fa? Kofin ga da kunka ɗauko, tuwo shika tuƙawa? Bar shi shi tahi. In da rabo shi samo, in babu shi dawo, gona na nan."

Yaron yana zaune a bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ranar Asabar aka zo aka tafi da shi, da 'yan kayansa a ƙullin zane.

Kafin damina ta faɗi mun rasa mutum huɗu daga cikin waɗanda suka ɗauko kofi. Biyu Kaura, ɗaya Shinkafi, ɗaya ya bi wani ɗan'uwansa Zurmi inda aka ba shi tsaron shago da sharaɗin ya buga wa ƙungiyar maigidan. A gasar da ta biyo baya tun wasan farko aka yi waje da mu, da ci huɗu da nema. Mutanen da suka shafa kofi bara suka ce koci ya tsufa.

Na daɗe ina ƙullace da mutanen Kaura. Ko kasuwa na shiga na hango kocin nan sai in sauya hanya. Ana nan, yaron bai cika shekara a wurinsu ba, sai ga kocin ya zo har makaranta yana nemana, fuska a murtuke. Wata ƙungiya ta Gusau ta ga yaron a wasan sada zumunci, ta ninka masa kuɗi sau uku, ya kwashe kayansa ya tafi.

"Malam, ka gani ko? Mu munka ba shi ɗaki, mu munka sai mai takalmi. Ko sisi ba su ba mu ba!"

Na ba shi kujera, na aika aka sayo masa ruwan sanyi. Ban ce masa komai ba, amma a cikin raina ina cewa gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

A shekarar nan ne idona ya fara buɗewa, kuma rediyo ne ya buɗe shi. A kakar 2009 zuwa 2010 wani yaro ɗan Jos mai suna Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a rigar Kano Pillars, ya fi kowa a gasar Najeriya. A wurinmu Pillars ita ce ƙarshen duniya. Ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, gwamnatin Kano ke riƙe da ita, filin Sani Abacha na cika maƙil idan tana wasa. Amma ko Pillars ba ta iya riƙe shi ba. Kafin 2010 ta ƙare yana VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Ita ma Venlo ƙaramar ƙungiya ce a can, a farkon 2012 CSKA ta Mosko ta zo ta ɗauke shi. A 2016 Leicester ta Ingila ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16. Ita kuma Leicester, a shekarar ce ta ba duniya mamaki ta ɗauki Firimiya, kuma kafin a gama murna Chelsea ta zo ta ɗauke mata N'Golo Kanté, wanda shi ne ƙashin bayanta. Da shi Chelsea ta ɗauki kofin shekarar da ta biyo. Ranar da na ji labarin Kanté ina gidan kallo a Kaura, janareta na ruri, samari na gardama, ni kuwa ina ganin farar mota a bayan ragar dalbejiya. Ashe su ma nasara ce ta yi musu talla.

Sai na ga abin tamkar tsani ne. Kurya tana ƙasa, Kaura na bisanta, Gusau na bisan Kaura, Kano na bisan Gusau, Turai na bisan Kano, a Turan ma akwai na sama da na ƙasa. Yaro mai ƙafa hawa yake yi, ba ya sauka. Ko Zamfara United, da gwamnatin jiharmu ke riƙe da ita, da muke zuwa Gusau kallonta muna alfahari, ba ta iya gogayya da masu kuɗin rukuninta ba, ta faɗo daga babbar gasa a 2011.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai san ƙwallo ba, amma ya san wannan tsanin. Ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda yana saurayi. Nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtua da Gusau, wanda ya iso Kaura a 1929. Yakan ba mu labarin yadda ake jibge buhunan gyaɗa da auduga daga ƙauyukanmu, a loda su a tarago, su nufi kudu, su tsallaka teku. Yakan ce jirgin yana tafiya da nauyi, yana dawowa da sauƙi. Da ina yaro na ɗauka zancen taragu yake yi.

Wajen 2013 wani abokina da ke koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura ya kira ni gidansa, ya ce yana da wani fim a kwamfuta da ya san zai taɓa ni. Sunansa Moneyball, an yi shi a 2011, a kan wani wasa na Amurka da ake kira besbol. Wasa ne da wani ke jefo 'yar ƙaramar ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga da gudu. Har fim ɗin ya ƙare ban gane yadda ake ci ba. Amma labarin ban buƙaci tafinta ba, domin nawa ne.

Ƙungiya ce ta birnin Oakland, mai suna Athletics. A ƙarshen kakar 2001 manyan 'yan wasanta uku suka tafi a lokaci guda. Jason Giambi ya koma New York Yankees a kan dala miliyan 120 na shekara bakwai, Johnny Damon ya koma Boston, Jason Isringhausen ya koma St. Louis. A 2002 albashin 'yan wasan Oakland gaba ɗaya bai wuce kimanin dala miliyan 40 ba, na Yankees kuwa ya ninka haka sau uku. A wasan nan babu dokar da ta ƙayyade iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi. Akwai dai haraji da ake ɗora wa wanda ya wuce wani mizani, masu kuɗi su biya su wuce abinsu. Ƙungiyar babban birni tana samun kuɗin talabijin da na 'yan kallo da ƙaramin gari ba zai taɓa samu ba. Manajan Oakland, Billy Beane, da ya ga ba zai iya sayen taurari ba, sai ya koma ga lissafi, yana tsinto 'yan wasan da kasuwa ta raina, masu aiki ba masu suna ba. Da su ya ci wasa 20 a jere, ya gama kakar da nasara 103, daidai da Yankees. Amma a zagayen farko na wasannin neman kofi aka fitar da shi, kuma ba a daɗe ba masu kuɗin suka koyi dabararsa, suka haɗa ta da kuɗinsu.

Abokina ya ce, "To Malam, ka ga dabara ta fi kuɗi." Na ce masa a'a, ni abin da na gani shi ne dabarar talaka aro ce, mai kuɗi na ganinta zai saye. Lokaci bai ƙaryata ni ba. Bayan kakar 2024 ƙungiyar ta tattara ta bar Oakland ɗungurungum, da niyyar komawa Las Vegas. A ƙarshen shekarar ne kuma New York Mets ta ba ɗan wasa ɗaya, Juan Soto, kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15. Idan aka raba, abin da yake ɗauka a shekara ya fi abin da dukan 'yan wasan Oakland suka ɗauka a 2002.

Sai dai akwai abu ɗaya da na lura da shi, wanda ya tsaya mini a rai fiye da duk waɗannan miliyoyi. A can, ɗan wasa sai ya yi wa ƙungiya shekara shida a babbar gasa kafin ya sami 'yancin tafiya inda ya so. Kuma da taurarin Oakland suka tafi, an rama mata da ƙarin dama a wurin zaɓen sababbin matasa. Masu kuɗi ma ana yankar wani abu daga samunsu a raba wa marasa ƙarfi. Bai isa ya daidaita su ba, amma dai jirgin ba ya dawowa wayam.

A ƙwallon ƙafa ma akwai irin wannan, daga baya na sani. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Da na ji haka sai da na miƙe zaune. Amma dokar takarda take bi. Sai ƙungiya tana da rajista da hukumar ƙwallo, sai an rubuta sunan yaro da shekarun da ya yi a hannunta. Mu kuwa rajistarmu gwangwanin madara ce da wani tsohon littafin kiran suna. A idon doka, yaron da ya tashi a filin Kurya daga sama ya faɗo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da na tsaya nan, da labarin ya zama na wanda aka zalunta, kuma na fi shekara biyar ina ba da shi a haka. Amma akwai wani ɓangare da nake tsallakewa duk lokacin da na ba da shi.

Golan da ya tsare mana gida a gasar 2009, wanda ya kama bugu biyu a wasan Yankaba, ba ɗan Kurya ba ne. Daga wani ɗan ƙauye yake, tafiyar awa ɗaya a keke, gidajen da ba su fi arba'in ba. A 2007 muka je can wasan Sallah, na ga wani dogon yaro yana shawagi tsakanin duwatsu biyu da suka aje a matsayin raga, ya hana mu ci har aka tashi. Bayan sati na koma a kan babur ɗin aro. Mai kula da yaran wani dattijo ne tela, mai keken ɗinki a ƙarƙashin tsamiya, shi ke ɗinka musu ƙwallon tsumma. Na ce ina son yaron. Na yi alkawarin safar hannu, da takalmi, da gurbi a makarantarmu, da kwana a zaurena.

Dattijon ya tsayar da kekensa, ya ce, "Malam, shi kaɗai gare mu. In ka tahi da shi, yaran ga watsewa za su yi."

Na ce, "Baba, ai ci gabansa ne. Za ka tare wa yaro arzikinsa?"

Ban tuna da wannan magana ba ranar da kocin Kaura ya maimaita mini ita a gefen filinmu. Sai bayan shekaru, wata rana ina kwance da zazzaɓi, ta faɗo mini kalma bayan kalma. Ban ba dattijon nan ko goro ba. Ban sake komawa ƙauyen ba. Babur ɗin aron da na hau, a idonsa farar mota ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Lamba Tara bai kai Turai ba. Daga Gusau ya tafi gwaji Kano, bai samu shiga ba. Wani dillali ya kai shi wata ƙungiya a kudu, ya yi kaka biyu, ana biyan wata ɗaya a tsallake uku, kuɗin sa hannun da aka yi masa alkawari bai taɓa ganin ko rabinsa ba. A wani wasa aka taka masa gwiwa, ƙungiyar ta sallame shi da kuɗin mota. A 2015 ya sauka a tashar Kaura yana ɗingishi, da jaka ɗaya da wayar hannu mai fasasshen gilashi. Mahaifiyarsa ba ta ce masa komai ba sai sannu da hanya. Gona tana nan, kamar yadda ta faɗa. A kan kowane Ahmed Musa da muke ji a rediyo, akwai irin ɗan yayata da yawa da ba wanda ya ƙirga, waɗanda tsanin ya karye da su a tsakiya.

Da ƙafar ta yi sauƙi sai ya fara zuwa fili, yana tsayawa a gefe. Daga nan ya fara gyara wa yara tsayuwa. Kafin shekara na miƙa masa usur da gwangwani, na koma ɗan kallo. Abu na farko da ya yi shi ne ya sayi babban littafi mai bango, ya rubuta sunan kowane yaro, da ranar da ya fara zuwa, da hotonsa, da sa hannun mahaifinsa. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Gusau har ya yi wa ƙungiyar rajista. Na tambaye shi wahalar me yake sha haka. Ya ce, "Kawu, ni babu inda anka rubuta ni. Su za a rubuta su."

A 2019 wata mota ta sake zuwa, baƙa wannan karon, don wani yaro ɗan shekara goma sha shida mai buga tsakiya. Ina zaune a kan benci ina kallo. Ɗan yayata bai roƙi a bar masa yaro ba, bai kuma yi fushi ba. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ɗauko littafinsa. Ya ce yaro zai tafi, da yardar iyayensa, amma da sharaɗi uku: a rubuta a takarda cewa a nan ya tashi, a bar shi ya gama sakandare, a kuma ba ƙungiya ƙwallo shida da raga biyu na gaske. Suka yi ta ja, ya ce in ba haka ba su sha ruwa su koma. Bayan kwana goma aka kawo kayan. Ranar da aka ɗaura ragar, yara suka yi ta buga ƙwallo a ciki babu gola, don kawai su ga yadda take kumbura.

Da dare na je na same shi, na ce ya ba ni ƙwallo biyu daga cikin shidan. Ya dube ni, na ba shi labarin tela da tsamiya, wanda ban taɓa ba kowa ba. Bai ce uffan ba, ya shiga ɗaki ya fito da su.

Sai dai na makara. A shekarun nan 'yan bindiga sun riga sun addabi yankinmu, daga Zurmi har Shinkafi, hanyoyin da muke bi da a-kori-kura muna waƙa sun zama abin tsoro. Ƙauyen dattijon ya watse, mutanensa sun yi gudun hijira. Na yi ta cigiya, abin ya ƙara wuya a 2021 da aka katse layukan waya a jihar aka rufe kasuwannin mako. Ƙwallayen suka yi shekara biyu a ƙarƙashin gadona, iskarsu ta sace. Sai a farkon 2022 wani ya ce ya gan shi a Kaura, a bayan tasha, yana facin tufafi a wata rumfa.

Na sa aka hura su, na zuba su a buhu na tafi. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, sai da na faɗi sunan garinmu da na golan sannan ya gane ni. Muka gaisa, na yi masa jajen abin da ya same su. Sannan na buɗe buhun, na ce, "Baba, bashi ne na kawo. Na yaron da na ɗauka."

Ya karɓi ɗaya, ya juya ta a hannu, ya matsa ta da babban yatsa, ya bi ɗinkin da farce kamar yadda tela ke duba aikin wani. Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Filin dai babu shi, Malam. Amma yaran na nan."

Ya ɗaga murya ya yi kira. Daga bayan rumfar yara suka fito, sun fi goma, jikokinsa da na maƙwabtansa da aka gudo da su, ƙafafu duk ƙura. Ya mirgina musu ƙwallon a ƙasa. Suka bi ta da gudu zuwa wani fili da ke gefen tsohon layin dogo, wani ya tuɓe takalmansa ya aje su a matsayin raga. Cikinsu akwai wani ɗan ƙarami, ba zai wuce shekara tara ba, da ya tare ta da ƙafar hagu, ya ɗan tsaya kamar mai tunanin wani abu dabam. Na ji tsohon halina ya motsa, har na buɗe baki zan tambayi ɗan waye.

Dattijon bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Na ga ka gan shi. In ka tashi zuwa, ka taho da littafi."